Ƙodar Kwalba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Yake saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Ban daɗe da fita takaba ba, kuma har yau idan na shiga kasuwa sai wata ta riƙo mayafina ta tambaye ni cikin raɗa, wai ina labarin ƙodar da Turawa suka shuka wa mijina a kwalba. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Rabi, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Wudil. Mijina Malam Tasi'u, wanda nake kira Abban Walida, ma'aikaci ne a ɗakin karatu na jami'ar garin nan. Mutumin Kausani ne, marar hayaniya, irin wanda za a taka ƙafarsa shi ya ba da haƙuri. Mahaifinsu ya rasu ƙaninsa Ado yana ɗan firamare. Shi ya ɗauke shi, ya ciyar da shi, ya kai shi makaranta har inda kan Ado ya iya ɗauka, wanda ba nisa ba ne, sannan ya ba shi jari ya yi masa aure. Yau Ado dillalin shanu ne a kara, mai babbar riga da wayoyi biyu.

Farkon damina abin ya fara. Wata safiya na ga Abban Walida yana kokawa da takalminsa sau-ciki, ya ce wai fata ce ta sha ruwa ta tsuke. Na duƙa na duba, na ga ba takalmi ba ne, ƙafa ce. Idan aka danna yatsa a ƙwaurinsa sai ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Ga ciwon kai da ya daɗe yana korawa da ƙwaya. Sai daga baya ya gaya mini fitsarinsa ya jima yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, amma da yake namiji ne bai ga abin faɗa a ciki ba.

A makon farko mai kemis ɗin unguwarmu ya leƙo shi daga bayan kanta ya ce maleriya da taifod. A garin nan ko ƙafarka ce ta karye, maleriya da taifod ne. Aka yi allurai, aka sa ruwa, kumburi ya hau zuwa gwiwa.

A mako na biyu fuskarsa ta fara tashi da safe har idanunsa su shige. Nan Kawu Ɗanlami ya iso daga Kausani. Ƙanin mahaifiyarsu ne, kuma tun da nake ban taɓa jin tambayar da ba shi da amsarta ba. Ya dubi ƙafar sau ɗaya ya ce, “An binne maka abu a ƙofar ofis ka tsallaka. Ba an ce za a yi maka ƙarin girma ba?” Washegari Juma'a ya dawo da jarka daga wajen masu lasifika a kan mota, irin maganin nan da ke kashe basir da shawara da sanyi da duk abin da mai saye ya ambata. Na ce a bari mu je asibiti tukuna. Kawu ya ce, “Rabi, boko ya ɓata ki.” Abban Walida ba ya iya musa wa babba. Ya sha. Bayan kwana kaɗan amai ya zo, shaƙuwa ta biyo baya, ba ta tsayawa ko yana salla.

Wata nas a asibitin jami'a ce ta fara auna jininsa. Ta auna, ta kwance, ta sake aunawa a ɗaya hannun, sannan ta ce mini, “Hajiya, kada ku koma gida. Ku wuce Kano yanzu.” Allah Ya saka mata da alheri. Ita kaɗai a makonnin nan ta san iyakar saninta.

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya babban asibiti a Kano ya san layi. Layin kati, layin biya, layin ɗibar jini, layin karɓar sakamako, sannan layin ganin likita, inda za a ce sakamako ɗaya bai fito ba a koma. Likitan da ya gan mu matashi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya, amma ya zaunar da mu ya yi magana kamar da mutane yake yi. Ya ce ƙodojin biyu sun gaji, hawan jini ya daɗe yana cin su a ɓoye. Ya nuna mana wata lamba a takarda ya ce sunanta kiriyatinin, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ke nan. Tun daga ranar kalmar ta tare a gidanmu. Ko yara idan mun dawo ba sa cewa ya jiki, sai su ce kiriyatinin ya sauka? Na nuna wa likitan jarkar Kawu. Ya shinshina ya mayar da murfi ya ce, “Ba ita ta kawo ciwon ba, amma ta taimaka masa ƙwarai.”

Aka sa masa roba a wuya aka fara wankin ƙoda. Ga wanda bai sani ba, inji ne ke zuƙe jinin mutum ta tiyo, ya tace, ya mayar. Mutum zai kwanta rabin yini yana kallon jininsa yana fita yana dawowa. Sau biyu a mako muke zuwa idan an samu gurbi, don injinan kaɗan ne, masu jira kuwa har da na jihohin maƙwabta. Aka hana shi gishiri, aka hana shi ayaba da lemo, aka ƙayyade masa ruwa a ɗan ƙaramin kofi. Idan motarmu ta hau gadar Wudil sai ya kawar da kai daga taga don kada ya ga kogi.

Ba zan kawo lissafi ba. Abin da zan ce kawai, wankin ƙoda rijiya ce marar ƙasa. Filinmu na hanyar Indabo ya faɗa ciki, 'yan kunnena na aure suka bi shi, keken ɗinkina ya bi su. Amma a nan ne kuma na ga mutane. Abokan aikinsa suka riƙa haɗa abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata ba tare da mun roƙa ba. Ranar da jininsa ya yi ƙasa, ɗalibai suka cika bas suka je suka ba da jini, yara daga Zamfara da Adamawa da Neja, wasu ban ma san sunayensu ba. Maƙwabcinmu mai tasi ya sha barin fasinja ya kai mu, ya ce mai kawai za mu zuba. Waɗannan ina roƙa musu Aljanna a kowace salla.

Bayan watanni likita ya ce mana wanki ba warkarwa yake yi ba, riƙe mutum kawai yake yi. Mafita ita ce dashe, a samu wani ya ba shi ƙoda ɗaya, don mutum yana rayuwa lafiya da ɗaya. Ƙungiyar ma'aikatan jami'a ta ce idan an samu mai bayarwa za ta ɗauki mafi yawan nauyin aikin. Ni na fara miƙa hannu. Jinina bai zo ɗaya da nasa ba, kuma aka gano ina da sukari. Yaranmu ƙanana ne.

Sai ga Ado. Ranar da ya zo ɗakin cike yake da 'yan dubiya, kuma na lura sai da ya jira ya cika. Ya dafa ƙirji ya ce, “Yaya, wallahi ko biyun aka ce, a cire. Wa nake da shi in ba kai ba?” Mata suka fara share hawaye. Aka je Kano aka yi gwajin farko, ya dace. Kafin mu iso gida hotonsa da audugar allura a hannu ya zaga wayoyin dangi. Liman ya ambace shi a masallacin Kausani. A kara aka fara kiransa Ado Mai Zumunci. Saura gwaje-gwaje na biyu, waɗanda za su tabbatar da lafiyarsa kafin a sa ranar aiki. A makonnin nan Abban Walida har ya fara maganar komawa ofis.

A tsakanin nan Dakta Zulai ta zo dubiya. Malama ce a jami'ar, 'yar Gombe, ba likitar asibiti ba ce, ta bincike ce. Ta yi karatu a ƙasar waje, kuma sun saba da Abban Walida saboda shi ke nemo mata littattafai. Bayan gaisuwa ta ce tana da roƙo, amma idan ya ƙi ba komai.

Ta ce a cikin fitsarin kowa akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu rai da ke zubowa daga ƙoda, ido ba ya ganinsu. Ita da abokan aikinta na can inda ta yi karatu suna tace su, su sa su a ɗan faranti cikin akwati mai ɗumi, su yi ta ciyar da su suna lallaɓa su har su dunƙule su zama wani ɗan abu mai kama da cikin ƙoda. Da shi ake kallon yadda ciwo ke farawa, a kuma gwada magani a kansa maimakon a gwada a jikin mutum. Ta ce yawancin waɗanda aka yi daga jikin mutanen can ne, namu kaɗan ne, alhali ciwon yana cin mu sosai a ƙasar nan. Fitsari kaɗan take so da ɗan jini, za ta aika can, don kayan aikin ba su iso nan ba tukuna.

Ta fito da waya ta nuna mana hoto. Wani ɗan fari-farin abu ne a cikin ruwa ja-ja, ta ce bai wuce ƙwayar riɗi ba. Sannan ta dube shi ta ce, “Malam Tasi'u, ina so ka ji ni da kyau. Wannan ba magani ba ne. Ba za a dasa maka shi ba, ba zai rage maka ko wanki ɗaya ba. In ya yi amfani, wasu zai yi wa, nan da shekaru masu yawa.”

Ya yi dariya, wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, “Dakta, kin zo a makare, fitsarin ma yanzu sai an roƙe shi. Amma abin da ya samu naki ne.” Ta karanta masa takardar amincewa da Hausa, ya sa hannu.

Kawu Ɗanlami yana zaune a kan tabarma duk lokacin nan, ya miƙa wuya ya kalli hoton. Kunnensa ya ɗauki abin da yake so, ya zubar da saura.

Kafin mako ya zagayo labari ya game Kausani, ya tsallaka Dagumawa, ya dawo mana Wudil da ƙafafu da fukafukai. Wai wata likita ta ɗebi irin ƙodar Tasi'u ta kai Turai, an shuka a kwalba, tana girma, da ta nuna za a sako ta a jirgi. Mata suka riƙa shigowa yi mini barka. Na yi ta cewa ba haka ba ne, suna murmushi suna cewa, “Ai gara ki ɓoye, saboda baki.”

Ranar gwaji na biyu ta zo, Ado bai zo ba. Waya ɗaya a kashe, ɗayar tana ta ƙara. Aka sake ba mu wata rana, ya aiko cewa ya tafi sayen shanu. Ranar Juma'a na ɗauki mayafi na tafi kara da kaina, na ratsa ta cikin kashin shanu da idanun maza, na same shi a rumfa yana cin tsire.

Ya ce, “A'a, Anti, ke ce a nan? Ya jikin Yaya?”

Na ce, “Jikin Yaya yana jiranka a Kano.”

Ya goge hannu a hankali ya ce, “Ai na ji abin alheri. Tunda ana shuka masa sabuwa, tasa ta kansa, me zai sa a yanka mutum a banza? Kin san ta jikin mutum ta fi ta aro.”

Na ce masa babu wata ƙoda da ake shukawa. Ya ce Kawu da idonsa ya gani. Na ce ni ma da idona na gani, kuma da kunnena na ji. Ya ce, “To Anti, mu ɗan ba su lokaci mana. Gaggawa aikin shaiɗan ce.”

Na roƙi Dakta Zulai ta bi ni Kausani. Ba ta yi musu ba, ta bar ajinta ta shiga mota. Aka taru a tsakar gidan Inna, mahaifiyarsu: Inna a bakin ƙofar ɗakinta, Kawu a kan kujera, Ado a tsaye yana danna waya. Dakta ta sa aka kawo mata riɗi, ta ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannunta ta zagaya da ita kowa ya gani. Ta ce girman abin ke nan, kuma ba zai wuce haka da yawa ba. Ba shi da jijiyar da jini zai bi, ba shi da hanyar da fitsari zai fita. Ta ce a duk duniya, iyakar saninta, babu wanda aka taɓa dasa wa irinsa ya rayu da shi a madadin ƙoda. Ta ce, “Ku yafe mini idan maganata ce ta jawo ruɗani. Malam Tasi'u ƙodar ɗan'uwa yake buƙata, kuma ba shi da lokaci mai yawa.”

Kawu ya gyara zama ya ce, “Malama, ai komai daga ƙarami yake farawa. Kuka ma daga ƙwallo take. Ku dai ku ƙara mata abinci.”

Ta ce, “Baba, ba a nan matsalar take ba.”

Ya ce, “Ke dai ba kya son ki yi alkawari ne, mun gane. Haka masu ilimi suke.”

Ado ya ɗago kai daga waya ya ce shi bai ƙi ba, Allah Ya sani bai ƙi ba, amma a jira zuwa bayan kaka a ga yadda ta kwalbar za ta yi. Da muka tashi tafiya Inna ta biyo ni. Ta riƙe hannuna a zaure ta ce, “Rabi, ni na haife su duka biyun. Da tawa za ta yi, da yau za a cire.” Ita ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Tsohuwa ce da ke tsoron binne 'ya'ya biyu, kuma ba ta ɓoye tsoronta a bayan komai ba.

A nan nake so a fahimce ni. Ƙoda ba goro ba ce da za a ce dole a miƙa. Da Ado ya zo ya zauna a gaban yayansa ya ce, Yaya, tsoro nake ji, ina da ƙananan yara, ba zan iya ba, wallahi da na ga girmansa. Da mun san inda muka tsaya, mu nemi wani tun da sauran ƙarfi. Akwai ɗan baffansu da ya taɓa nuna alamar zai gwada, amma ya ja da baya saboda an ce Ado ya riga ya ɗauka. Amma Ado bai cika alkawarin ba, bai kuma ce a'a ba. Ya tsare ƙofa, bai shiga ba, bai bar wani ya shiga ba. Sunan Mai Zumunci yake so ya riƙe, da ƙodojinsa biyu a cikinsa, kuma ya samu kwalbar da zai ɓuya a bayanta. Ya san ƙarya ce. Mutumin da ke duba haƙorin saniya ya faɗi shekarunta, ba za a ce bai gane ƙwayar riɗi ba.

Da na gaya wa Abban Walida yadda aka yi, sai ya ce, “Maman Walida, kada ki sake zuwa wajensa. Ban riƙe shi don in yanka ba.” Na ce ɗan baffan fa? Ya ce idan aka nemi wani yanzu an tona wa Ado asiri a gari. Har a wannan hali sunan ƙaninsa yake karewa. Na yi masa biyayya a kan Ado, amma na aika wa ɗan baffan a ɓoye. Amsar da ta dawo ita ce, ai an ce ta Turai ta kusa isowa.

Bayan kaka jikin ya fara zamewa. Wurin robar wuyansa ya kama ruwa, zazzaɓi ya shigo, aka cire aka mayar cinya. Ƙaiƙayi ya hana shi sakat, fatarsa ta yi toka-toka, abinci ya ce ƙarfe yake ji a baki. Wani mako injin da aka ba mu ya lalace, aka ɗaga mu, kafin gurbi ya samu ruwa ya taru masa a ƙirji, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Likitan nan matashi ya yi iya yinsa, har gurbin wani ya roƙa mana. Daga baya ya kira ni gefe ya ce ko mai bayarwa ya zo yanzu, zuciyar ba za ta ɗauki aiki ba.

Ya rasu wata Talata da hantsi, a asibiti, ina riƙe da kofin ruwansa. Ya ce in jiƙa masa leɓe, na jiƙa, ya yi kalmar shahada a hankali, ya yi shiru. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

A wajen zaman makoki babu wanda ya kai Ado kuka. Sai da maza biyu suka riƙe shi. Ina daga ɗaki ina jin Kawu yana gaya wa masu ta'aziyya cewa Turawa ne suka yi jinkiri, da sun sako ta da wuri da ba haka ba. Kafin sadakar uku magana ta juya, wai malamar nan ce ta sayar da ƙodar ga wani mai kuɗi a can. Ranar da Dakta Zulai ta zo gaisuwa, matan dangi suka amsa mata a daƙile, babu wadda ta matsa mata a tabarma. Na tashi na kamo hannunta na zaunar da ita a kan katifata, na sa aka kawo mata ruwa a kofin baƙi. A cikin duk masu ilimi da marasa ilimin da suka yi magana a kan jinyar nan, tana cikin 'yan kaɗan da ba su taɓa gaya mana abin da muke son ji ba. Ta ce mini ƙwayoyin nasa sun kama, suna cikin waɗanda ake nazari a kansu. Na ce Allah Ya sa a amfana. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Abin da ya bayar ne da hannunsa, ya san kuma ba shi zai ci ba.

Ga mai karatu: idan ƙafarka ta kumbura, ko fitsari ya yi kumfa, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ka je a auna jininka a duba fitsarin, kada ka tsaya a kantar mai kemis. Kada ka sha abin da aka zuba a jarka. Idan ɗan'uwa ya yi maka alkawari a gaban taro, ka sake tambayarsa ku biyu. Kuma babu ƙodar kwalba. Akwai masu bincike da ke wahala a kan abu mai girman riɗi, Allah Ya taimake su, wataƙila jikokinmu su ci moriya. Amma wanda ke kwance yau, wanki ne da dashe, sai addu'a.

Abin da ya sa na ce dole in rubuta ya faru ne makon da na fita takaba. Da la'asar aka yi sallama, na leƙa zaure na ga Kawu Ɗanlami da wani dattijo da ban sani ba, siriri, da rawani da ya sha wanki. Kawu ya ce wannan Malam Hudu ne daga Dagumawa, manomi, ɗansa saurayi yana da irin ciwon marigayi. Ya ce tunda mai ƙodar ya riga mu gidan gaskiya, ita kuma tana can ba mai ita, ya ga bai kamata a bar ta ta lalace ba. Malam Hudu ya sayar da shanun nomansa, a shirye yake, in yi wa malamar magana kawai. Daga yadda Kawu ke murza hannu na gane har la'adarsa ya yanka.

Ban dubi Kawu ba. Na tambayi dattijon yaushe rabon yaron da wanki. Ya ce sun dakatar tun da aka ba su wannan labari, don a tara kuɗin wuri ɗaya.

Na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, tun daga hoton waya har ƙwayar riɗi har ranar Talata. Ina cikin magana Kawu ya tuna yana da alwala da zai sabunta, ya fita, bai dawo ba. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe, hannunsa a kan aljihun da kuɗin ke ciki. Na ce, “Baba, gobe da sassafe ka mayar da shi Kano. Kada ka ƙara kwana.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “'Yata, ita wadda ake cirewa a jikin mutum ɗin, dole sai ta yaro? Ta tsoho ba ta yi?”

Na ce likita ne zai faɗa, sai an gwada.

Ya ce, “To a ina ake gwadawa?”

Na kwatanta masa ƙofar da zai shiga da layin da zai fara bi. Ya maimaita sau biyu don kada ya manta, ya yi mini godiya, ya yi wa marigayi addu'a, ya sa takalminsa. A bakin zaure ya juyo ya ce, “Don Allah kada ki gaya wa kowa. In ta dace, a ji daga baya.”

Sunan da na kira shi da shi a nan ba nasa ba ne.